Labarin Tagulla da Masu Bugunta

Idan mutum ya sami tsofaffin kwabbai goma na shekara ɗaya, irin masu huda a tsakiya, ya jera su bisa tabarma, zai ga babu wanda ya fi ɗan'uwansa faɗi ko kauri, rubutun da ke jikinsu kuwa iri ɗaya ne har ɗigo. Amma in ya tafi wurin gwanin maƙeri ya sa a ƙera masa tasa goma, ko da maƙerin nan ya shekara arba'in yana sana'ar, sai an sami wata ta fi wata zurfi, wata kuma bakinta ya ɗan karkace. Tsakanin tasar nan da kwabon nan akwai tarihi mai tsawo, watau labarin yadda mutane suka koyi gauraya tagulla daidai gwargwado, har inji ya iya buga abu dubu ba wanda ya saɓa da wani.

Kafin a shiga labarin, ya kamata a rarrabe sunaye. Jan ƙarfe shi ne uwa, daga ƙasa ake haƙo shi. In an narkar da shi aka zuba masa kuza, sai ya zama wani ƙarfe dabam mai duhun ja. In kuwa tutiya aka zuba masa, sai ya fito da launin ruwan ɗorawa. Hausawa duka biyun tagulla suke ce musu. A cikin wannan labari za a kira ta fari tagullar kuza, ta biyu kuma tagullar tutiya, gama ko wace da halinta, ko wace kuma da aikin da ya dace da ita.

Zubi da Ƙira

Tun wajen shekara dubu uku kafin haihuwar Annabi Isa mutanen ƙasar da a yau ake kira Iraƙi suka san tagullar kuza. Jan ƙarfe shi kaɗai yana da taushi, wuƙar da aka yi da shi ba ta daɗewa take dakushewa, ga shi kuma da wuyar narkewa, sai zafi ya kai digiri 1,085. Kuza ta fi shi taushi nesa, a digiri 232 take narkewa. Abin mamaki, in an haɗa kashi tara na jan ƙarfe da kashi ɗaya na kuza, sai a sami ƙarfe wanda ya fi ko wanensu tauri, ya kuma fi jan ƙarfe saurin narkewa da kyan bin mazubi. Gaskiyar masu iya magana da suka ce ƙarfe ɗaya ba ya amo.

Hanya biyu maƙeran dā suke bi. Ta fari ita ce zubi: a narkar da ƙarfe a zuba shi cikin mazubi, a bar shi ya daskare. Ta haka aka yi kayan tagullar nan na Igbo-Ukwu a kudancin Nijeriya, waɗanda masana suka ce sun fi shekara dubu. Ta biyu ita ce ƙira: a ɗora ƙarfe bisa uwar maƙera a yi ta bugu da masaba har ya yi fale-fale, kāna a lanƙwasa shi ya zama abin da ake so. Maƙeran tagulla na Bida sun yi suna wajen wannan, suna buga tasoshi da faranta da butoci. Tagulla kuwa ta daɗe tana shigowa ƙasar Hausa. Matafiyin nan Ibn Baɗɗuɗa ya sauka Takedda, ta wajen Agadas, a cikin 1353, ya tarad da mutane suna zuba jan ƙarfe sanda-sanda, sirara da kaurara, suna ciniki da su maimakon kuɗi, ana kuma kai su Gobir da Barno.

Akwai wani asiri da ko wane maƙerin fari ya sani tun yana yaron maƙera. Tagulla in ana bugunta da sanyinta, ƙara tauri take yi. In aka ci gaba da bugu ba a tsaya ba, sai ta tsage. Maganin wannan shi ne a mayar da ita wuta ta yi ja, a fitar ta huce, sai taushinta ya komo, a ci gaba da aiki. Haka kuma yawan kuza yana da iyaka. In ta wuce kashi goma cikin ɗari, ƙarfen ba ya yarda da masaba. Tagullar da ake zuba ƙararrawa da ita, wadda kuzarta ta fi kashi ashirin, tana da amo mai daɗi, amma in an sa mata guduma fashewa take yi. Duk injunan da za a ambata a gaba bisa wannan sani na maƙeran dā aka gina su.

Bugun Kuɗi

Aikin da ya fara matsa wa mutane su nemi abu iri ɗaya da yawa shi ne kuɗi. Wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, a ƙasar Lidiya, cikin Turkiyya ta yanzu, aka soma buga kuɗi da hatimi. Ana sassaƙa hoto a jikin hatimi biyu na ƙarfe mai tauri, a sa ɗan dunƙulen ƙarfe tsakaninsu, mutum ya ɗaga guduma ya buga. Fiye da shekara dubu biyu ana yin haka. Amma hannun mutum ba ya faɗa wa wuri ɗaya kullum. Kuɗin sukan fito da gefe a karkace, saboda haka maha'inta sukan yanke gefen na azurfa su tara, su kashe sauran kamar cikakke, ba mai iya ganewa.

A cikin 1662 gidan buga kuɗi na Ingila ya bar guduma ya koma ga inji. Injin farko yana murza sandar ƙarfe tsakanin gungume biyu masu juyawa har ta zama falle mai kauri ɗaya. Na biyu yana fitar da 'yan faya-faye daga jikin fallen. Na uku yana da babban sukuru mai dogon hannu, ƙarti suna wurga shi, hatimi ya sauko da ƙarfi. Aka kuma riƙa yi wa gefen kuɗin zane ko rubutu, don duk wanda ya yanke a gane.

Wannan ya tsare zinariya da azurfa, amma kuɗin talaka, na jan ƙarfe, gwamnati ba ta kula da shi sosai ba. Kafin 1790 mafi yawan ƙananan kuɗin da ke yawo a kasuwannin Ingila jabu ne. Lebura ya yi aikin mako a biya shi, ya kai wa mai burodi a ƙi karɓa, ko a karɓa a rabin daraja. Wanda aka kama yana buga jabun azurfa kuwa rataye shi ake yi, duk da haka abin bai ragu ba.

Wani attajiri na birnin Barmingam, sunansa Matthew Boulton, abokin cinikin James Watt mai injin tururi, ya ga cewa maganin jabu shi ne a yi kuɗin da mai jabu ba zai iya kwaikwayo ba. A cikin 1788 ya kafa gidan buga kuɗi a masana'antarsa ta Soho, inda tururi ke juya injunan, ko wane inji yana buga fiye da kwabo hamsin a minti ɗaya. Ya sa ana buga ko wane kwabo cikin zobe na ƙarfe, yadda in hatimi ya danno ba inda ƙarfen zai malala, dole ya fito a kewaye sosai. A cikin 1797 gwamnati ta ba shi aikin buga kwabon ƙasa. Ko wane kwabo nauyinsa oza ɗaya cif na zallan jan ƙarfe, har 'yan tireda suka riƙa awon kaya da shi.

Sai dai zallan jan ƙarfe yana da aibi biyu: ga nauyi a aljihu, ga saurin shafewar rubutu. Faransa ce ta nuna hanya a cikin 1852, Ingila ta bi a cikin 1860. Suka koma ga tagulla mai kashi 95 na jan ƙarfe, da 4 na kuza, da 1 na tutiya. Kuzar nan ta isa ta sa kwabo ya jure shekaru yana yawo hannu da hannu, ba ta kuma kai yawan da za ta hana shi karɓar hatimi ko ta fasa hatimin ba. Dā kwabo 24 ake fitarwa daga laba ɗaya, sai ga shi ana fitar da 48. Gidan buga kuɗi na gwamnati bai iya aikin shi kaɗai ba, sai da kamfanonin Barmingam suka taimaka, cikinsu har da na Ralph Heaton da 'ya'yansa, wanda ya sayi tsofaffin injunan Soho a cikin 1850.

Kwabo ya Iso Ƙasar Hausa

Lokacin da Turawa suka ci ƙasar Hausa, da wuri ake ciniki. Ƙirgansa yana cin lokaci, ɗaukarsa kuwa sai da jaki. A cikin 1907 aka fara buga wa Afirka ta Yamma kuɗinta, kwabo da anini, da huda a tsakiya don a iya zura su a igiya, da tauraro mai tsini shida a baya, da kuma rubutun Larabci mai faɗin darajarsu. Aninin farko da alminiyam aka yi shi, amma bai jure ba, shekara ta kewayo aka sāke shi. Kwabon lokacin fari ne, na jan ƙarfe gauraye da wani farin ƙarfe wai shi nikel. A cikin 1952 aka mayar da kwabo da sisin kwabo da anini na tagullar kuza, suka zama jajaye. Wanda ya duba da kyau zai ga wani ɗan ƙaramin harafi H a jikin waɗansu, alamar an buga su a gidan Heaton ke nan. Nijeriya ta fitar da nata kuɗin a cikin 1959, kwabonta na tagulla mai huda, da aka koma Naira ranar 1 ga Janairu 1973 kuma sabon kwabo ma na tagulla ne, amma ba huda. Ita kanta kalmar kwabo daga sunan jan ƙarfe da Ingilishi aka aro ta.

Kuza kuwa ƙasar nan tana cikin masu ba duniya ita. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Liruwen Dalma suna narkar da kuza su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake suna saye. Bayan zuwan Turawa kamfanoni suka buɗe haƙa a tsaunukan Jos, aka yi ƙaramar hanyar jirgi daga Zariya wadda ta isa can a cikin 1914, ana kwasar kuzar zuwa Ingila a narkar. Da Japan ta kame Malaya a cikin 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙarta, sai gwamnatin lokacin ta sa aikin tilas. Aka ɗebo dubban talakawa daga lardunan Arewa zuwa filin kuza, da yawa suka mutu saboda sanyi da cuta da ƙarancin abinci, har aka daina a cikin 1944. Cinikin ya ci gaba bayan yaƙi, kāna ya durƙushe da farashin kuza ya faɗi a duniya a cikin 1985.

Yadda Faifai ke Zama Ƙoƙo

Buga hoto bisa faifan tagulla abu ɗaya ne, mayar da faifan ya zama ƙoƙo mai zurfi ba tare da ɗinki ba wani abu ne dabam. Tun wajen 1770 maƙeran Barmingam suka fara danna fallen tagulla cikin mazubi da guduma mai faɗowa daga sama, suna fitar da tasoshi marasa zurfi. Daga nan dabarar ta yi ta gaba har aka sami abin da ake kira zurfafawa.

Kayan aikin sun yi kama da turmi da taɓarya. Turmin rami ne a jikin ƙarfe mai tauri, bakinsa a goge sumul. Ana ɗora faifan tagulla bisa bakin ramin, wani zobe ya danne gefensa, sa'an nan taɓarya ta sauko ta tura tsakiyar faifan cikin ramin. Gefen faifan yana silalowa daga ƙarƙashin zoben, yana tsukewa, har ya miƙe ya zama bangon ƙoƙo. In zoben bai danne sosai ba, bangon sai ya yi tamoji. In ya danne fiye da kima, taɓarya sai ta huda gindin. Ana shafa ruwan sabulu ko mai don kada ƙarfe ya kama ƙarfe. Akwai kuma iyaka: a turi ɗaya ƙoƙon ba ya iya tsukewa fiye da wajen rabin faɗin faifan. Mai son abu dogo siriri dole ya bi da shi turmi bayan turmi, ko wane ya fi na baya ƙunci, yana mayar da shi wuta tsakani don ya yi taushi, kamar dai yadda maƙerin Bida yake yi.

A nan ne tagullar tutiya ta fi ta kuza. An gwada gauraye iri iri, aka tarar mai kashi 70 na jan ƙarfe da 30 na tutiya ita ta fi miƙewa ba ta yage ba. Tagullar kuza tana saurin yin tauri, saboda haka in za a zurfafa ta sai an rage kuzar, an kuma yawaita kai ta wuta.

Yaƙi ne ya nuna muhimmancin wannan aiki. Kwanson harsashi ƙoƙo ne dogo, cikinsa albarushi. In an harba, dole ya kumbura ya toshe ɗakin bindiga don kada wuta ta komo fuskar mai harbi, kāna ya ɗan tsuke don a iya zare shi. Sojan Ingila sun daɗe suna amfani da kwanso wanda aka naɗe da siririn fallen tagulla aka liƙa masa gindin baƙin ƙarfe. In bindiga ta yi zafi, ko rairayi ya shiga, sai kwanson ya manne, gindin ya cire, sauran ya tsaya ciki. A cikin Janairu 1885, a wani wuri da ake kira Abu Kilea a ƙasar Sudan, mutanen Mahadi suka auka wa rundunar da ke tafiya ceton Janar Gordon a Hartum. Bindigogi da yawa suka cije a tsakiyar faɗa, aka kutsa cikin sahun Turawa, aka yi ɓarna mai yawa ta ko wane gefe. A cikin wannan shekara aka fara ba sojan kwanso wanda aka zurfafa daga faifai guda.

Wannan ma ya zo da tasa matsalar. A ƙasar Indiya aka riƙa tarad da kwansayen harsashi sun tsattsage da kansu a ajiye, musamman da damina. An daɗe ana ɗora wa yanayi laifi. Sai a cikin 1921 masu bincike a Ingila suka bayyana dalili. Tagullar da aka zurfafa, ko bayan ta fito daga inji, akwai sauran ɗauri a jikinta, kamar bakan da aka ɗana aka ajiye. In danshi ya haɗu da warin nan mai yaji da ke tashi daga fitsarin dawaki, wanda ake kira amoniya, sai ya ci wurin ɗaurin ya tsage, ga shi kuwa a kusa da barga ake ajiye harsashin. Maganin mai sauƙi ne: bayan turi na ƙarshe a ɗan gasa kwanson da zafi kaɗan, wanda zai saki ɗaurin amma ba zai kashe taurin ba.

Tagulla Mai Tsalle

Ita ma tagullar kuza ta sami sabon aiki. Wajen 1870, a ƙasar Beljiyam, wani masani mai suna Georges Montefiore-Levi ya gyara hanyar zuba mata ɗan fosfaras, watau sinadarin nan da ke jikin gefen kwalin ashana. Tagulla in tana narke takan sha iska, iskar nan kuwa tana raunana ta. Fosfaras yana kwashe wannan iska, abin da ya saura kuma ya ƙara mata ƙarfi. Ba a sa shi da yawa, bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuza kuma wajen kashi biyar zuwa takwas. Tagullar da aka samu in an murza ta da sanyi takan yi tsalle: a lanƙwasa ta a saki, ta koma yadda take, sau dubbai ba ta gaji ba. Ba ta tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, tana kuma ɗaukar lantarki. Da ita aka ja wayoyin tarho na farko a wurare da yawa.

Halin nan na taurara da bugu, wanda dā yake wahal da maƙeri, a nan shi ne abin nema. Masana'anta tana murza fallen gwargwadon taurin da mai saye yake so, tana auna kaurinsa har kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Ana naɗe shi kamar tabarma a kai wa injin bugu. A cikin injin akwai hatimai jere. Fallen yana matsawa taki ɗaya bayan ko wane bugu: nan a huda, gaba a yanke, gaba a lanƙwasa, a ƙarshe abin ya faɗo a gama, ana bugu ɗaruruwa a minti ɗaya. Mai sassaƙa hatimin dole ya san cewa tagullar za ta ɗan komo baya in an sake ta, saboda haka yakan sa lanƙwasar ta ɗan wuce inda ake so. Dole kuma ya lura da inda murza ta bi, gama falle yana da tsari kamar itace, in an lanƙwasa shi ta hanyar da ba ta dace ba sai ya tsage.

Irin waɗannan 'yan ƙananan abubuwa su ne ke cikin makunnin fitila, da soket, da rediyo, da mota, da wayar hannu. In an cusa filogi aka ji ya kama gam, wani ɗan harshen tagulla ne a ciki ya riƙe shi. In an yi ha'inci aka sa ƙarfe mai araha a madadinsa, harshen yakan saki, wurin ya yi zafi, har wani lokaci ya jawo gobara.

Kwabon tagulla kuwa zamaninsa ya wuce. Da jan ƙarfe ya yi tsada har ƙarfen kwabo ya nemi fin kwabon daraja, ƙasashe suka koma buga shi da baƙin ƙarfe suna shafa masa jan ƙarfe a sama. Ingila ta yi haka a cikin 1992, ana kuma gane sabon da mayen ƙarfe, gama yana kama shi, ba ya kama tsohon. Amma ƙa'idodin aikin suna nan yadda maƙeran fari suka bar su: a auna gauraye daidai, a san iyakar bugun da ƙarfe zai ɗauka, a kuma mayar da shi wuta kafin ya tsage. Injiniyan da ke tsaye gaban injin bugu yana da ma'auni da agogo, maƙerin Bida yana da ido da kunne, amma abu ɗaya suke tsaro.